Dokokin Hana Bashin Zalunci: Abin da Suke Nufi ga Masu Karɓar Jinginar Gidaje da Masu Zuba Jari a Mubi

Bashin zalunci shi ne rancen da aka tsara shi ta yadda mai karɓa ba zai iya biya ba: kuɗin ruwa mai tsanani, caji na ɓoye, ko sharaɗin da ainihin manufarsa ita ce raba mutum da gidan da ya jinginar. Najeriya ba ta da doka guda mai wannan suna. Kariyar a warwatse take cikin dokoki daban-daban, kuma akasarinsu ba su ƙayyade yawan kuɗin ruwa ba. Abin da suke yi shi ne kwance wa mai ba da bashi jinginar da ke hannunsa idan bai bi ƙa'ida ba.

Batun ya shafi Mubi kai tsaye. Gari ne na kasuwanci a arewacin Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru, mai babbar kasuwar shanu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa, waɗanda ɗalibansu ke raya harkar gidajen haya. Mamayar da Boko Haram ta yi wa garin a ƙarshen Oktoban 2014 ta tsayar da harkokin bankuna, ta bar 'yan kasuwa da yawa da buƙatar jarin farfaɗowa. A irin wannan hali, gida ko fili ne kadarar da mutum ya fi saurin miƙawa.

Shingen farko shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya haramta jinginar da fili mai takardar mallaka ta gwamnati sai da amincewarsa, wato takardun jinginar gida a cikin garin Mubi sai sun bi ta Yola. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa, bankin ya kasa sayar da gidan. Daga baya kotuna sun rage wa masu cin bashi damar fakewa da sakacin da su da kansu suka yi, amma bankuna ba su manta ba. Shi ya sa mai gidan gado da ba shi da takardar gwamnati ke shan wuyar samun lamuni, abin da ke tura shi hannun masu ba da rance na bayan fage.

Su ma waɗannan doka ba ta ƙyale su ba. Dokokin masu ba da rance, waɗanda jihohi suka gada daga zamanin mulkin mallaka, sun wajabta lasisi da rubuta kowace ma'amala. A shari'ar Kasumu da Baba-Egbe ta 1956, wadda ta taso daga Legas, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe a Ingila ta mayar wa mai cin bashi kadararsa ba tare da ya biya ko sisi ba, don kawai mai rancen bai ajiye littafin da doka ta buƙata ba. Hukunci ne mai tsauri, amma da gangan aka yi shi. Haka nan, idan aka rubuta jingina da sunan ciniki don a toshe wa mai gida hanyar fansa, kotu tana duba ainihin ma'amalar ne, ba sunan da aka laƙaba mata ba.

Sayar da gidan jingina ma yana da matakai. Dokar Ingila ta 1881, wadda har yanzu jihohin Arewa ke aiki da ita, ba ta yarda a sayar ba sai an ba da sanarwa an jira wata uku, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an karya wani sharaɗi, sai dai in yarjejeniyar ta tanadi wani abu dabam. Nan ne mai zuba jari ke shiga haɗari: wanda ya sayi gida a gwanjo da arha, alhali jinginar ba ta inganta ba, yana iya shafe shekaru a kotu, haya ba ta shigowa, gini na lalacewa.

A ɓangaren bankuna, ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019 sun tilasta bayyana dukkan caji kafin sa hannu. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara yi wa manhajojin ba da bashi rajista a 2022, bayan ƙorafe-ƙorafen tozarta masu cin bashi a wayoyin 'yan uwansu.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman lamunin Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, na tsawon shekara 30. Mai gudun riba kuma yana da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Dukansu dai takardar mallaka suke fara tambaya.