3.4 Kaburburan Tsohuwar Majami'ar St Pancras da Dokar Kare Kayan Tarihi

A wannan sashe za a dubi yadda doka ta kare wasu kaburbura a harabar tsohuwar majami'ar St Pancras da ke birnin Landan, da kuma inda kariyar ta tsaya.

An daina binne mutane a wannan maƙabarta a shekarar 1854. A cikin shekarun 1860 sai kamfanin jiragen ƙasa na Midland ya ratsa da layin dogo ta cikinta, aka tone kaburbura masu yawa, aka kwashe ƙasusuwan mamata. Daga cikin waɗanda suka sa ido a kan aikin har da Thomas Hardy, wanda daga baya ya shahara wajen rubuta ƙagaggun labarai. Wasu daga duwatsun kaburburan an jera su a gindin wata bishiya da aka laƙaba wa sunansa, wadda ta faɗi a watan Disamba na 2022.

A 1884 ne aka kafa dokar da ta hana yin gini a maƙabartun da aka daina amfani da su. Bayan haka, dokar tsara garuruwa ta 1947 ta wajabta wa hukuma yin rajistar gine-ginen tarihi, dokar 1990 kuma ta ƙarfafa ta. Rajistar tana da daraja uku, kuma laifi ne a rushe ko a sauya abin da ke cikinta ba tare da izini ba. A daraja ta ɗaya aka sanya hubbaren da mashahurin mai zanen gine-gine Sir John Soane ya tsara a 1816 domin matarsa, inda shi ma aka binne shi a 1837.

Sai dai kuma rajistar ginin kabari take karewa. Talakan da bai sami gini a kan kushewarsa ba, babu shi a cikinta. Hasali ma, dokar 1884 ba ta iya tare aikin da majalisar dokoki ta yi wa doka ta musamman. Saboda haka a tsakanin 2002 da 2003 aka sake tone wasu mamata domin layin dogon da ya nufi Faransa.

Daga bayanan da suka gabata, za a iya cewa dokar ta fi amfanar kaburburan masu hali.