Gandoki a ƙasar Damagaram: littafi mai aibi da aka kasa daina so

Akwai wani ɗan littafi da bai kai kaurin yatsa ba, wanda masana adabi suka daɗe suna lissafa aibobinsa, amma da zarar an ambaci sunansa a gaban dattawan da suka koyi karatun Hausar boko tun suna yara, daga Katsina har Damagaram, sai ka ga fuska ta saki. Shi ne Gandoki na Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda aka buga a 1934. Malamin da ya karanta shi yana ɗan lakwal a Gaffati ko Mirriya, ya sake ɗaukarsa bayan ya yi shekaru yana koyar da nazarin rubutu, zai ga ɓaraka ta ko'ina: labari ya karye a tsakiya, jarumi ba ya gajiya, ƙarshe kuma ya zo da wa'azin da bai dace da farko ba. Duk da haka ba zai iya jefar da shi ba. Wannan so yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihi.

Asalin littafin sananne ne. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan arewacin Nijeriya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, domin makarantun boko sun fara yaye masu karatu amma babu abin karantawa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa, sai Gandoki. East ya bayyana daga baya irin wahalar da ya sha kafin malamai su yarda, don a wurinsu alƙalami na ilimi ne, ƙaga labari kuwa aikin tatsuniya ne da ake barin wa mata da yara. Bello Kagara, yayan Abubakar Imam ne, malami a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. An haife shi a 1890, ya rasu a 1971. Wato lokacin da sojojin Ingila suka ci Kwantagora da Bida a 1901 yana ɗan shekara goma sha ɗaya, a ƙasar da yaƙin ya ratsa. Abin da ya rubuta a farkon littafinsa ba daga takarda ya samo shi ba.

Kashin farko ne ya sa littafin ya rayu. Wani tsohon mayaƙi ne yake ba yara labarin kansa: yadda ya yi yaƙi a zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora, yadda Nasara suka zo da bindigar da ba a saba gani ba, yadda garuruwa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Sunayen na gaske ne, wuraren na gaske ne. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, kuma a ranar 27 ga Yuli aka yi gumurzun Burmi inda Attahiru ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mutanensa. A waɗannan shafuka Hausar Bello Kagara tana gudu kamar ingarma: jimloli gajeru, kirari a bakin jarumi, ƙarar ƙarfe da ƙurar dawaki. Littafi ne da aka yi domin kunne. Wanda ya karanta shi a zuci ya yi asarar rabinsa, kuma yaran da suka so shi galibi a bakin wani suka fara jin sa, a zaure ko gindin fitila, ɗaya yana karantawa goma suna saurare.

Daga nan sai abu ya sauya. Jarumin ya bar ƙasar da muka sani, shi da ɗansa Garba Gagare, ya faɗa wata duniya ta aljanu da dodanni da sarakunan da ba su cikin kowane kundi, yana cin yaƙi bayan yaƙi, yana musuluntar da waɗanda ya ci. Babu wani shiri da aka yi wa mai karatu. Kamar mutum ne yana tafiya a kan tudu sai ya ji ƙafarsa cikin ruwa. Yaƙe-yaƙen sun yi kama da juna har ba a rarrabe na uku da na biyar. Ba a taɓa jin tsoron kada jarumin ya mutu, kuma labarin da babu wannan tsoro a cikinsa ya rasa gishiri. Mata ba su da wata murya. Inda suka fito, ladan nasara ne. Mai neman soyayya ta gaske, mai ciwo da ramuwa, sai ya koma ga Jiki Magayi, inda mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainabu. Sannan ga ƙarshe, wanda ya fi komai ba masu nazari haushi: mutumin da ya buɗe baki da zagin mamaya ya dawo gida ya tarar da mulkin Nasara ya kafu, ya sauko, ya yaba da zaman lafiya da abubuwan zamani. Takobin da aka zare a shafin farko, a shafin ƙarshe an mai da shi kube ba tare da an faɗi dalili mai gamsarwa ba.

Waɗannan aibobi gaskiya ne, kuma babu amfanin ɓoye su. Sai dai in aka lura da inda labarin ya karye, za a ga ba a banza ya karye a nan ba. Ya karye ne daidai inda tarihi ya daina ba jarumi abin alfahari. Bayan Burmi babu sauran nasara da za a ba da labarinta. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya gabas da ƙafa, cikin yunwa da ƙishirwa, har ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai Sudan ya zauna a bakin kogin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Wannan ita ce tafiyar gabas ta gaskiya, kuma tafiya ce ta masu gudun hijira, ba ta masu cin ƙasa ba. Bello Kagara ya ɗauki hanyar nan, amma ya ƙi bin ta da idon mai baƙin ciki. Ya mai da ita fagen da Bahaushe ke cin nasarar da aka hana shi a gida. Aljanun nan da masu nazari ke yi wa dariya, su ne abokan gabar da aka yarda jarumi ya kayar. Game da ƙarshen kuwa, a tuna wanda ya rubuta da wanda zai buga: malamin makarantar gwamnati ne yake miƙa rubutunsa ga jami'in gwamnatin, shekara talatin kacal bayan Burmi. Abin mamaki ba yabon da ke ƙarshe ba ne. Abin mamaki shi ne yadda aka bar kashin farko ya fita.

To, me ya haɗa yaron Damagaram da yaƙin Kwantagora?

Damagaram tana da nata labarin, wanda bai gaza wancan ba. Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari. Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, a ƙarshen Yulin 1899 kuma ragowar rundunar Voulet da Chanoine ta karya dakarun Damagaram a Tirmini, aka bi Kuran Daga aka kashe shi cikin Satumba. A 1906 Faransawa suka tuɓe Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodibuwa, sarauta ba ta dawo ba sai 1923. Duk wannan yana bakin tsofaffi da maroƙa. Amma a lakwal ba a jin sa, in ma an ji shi to da harshen wanda ya ci yaƙin ne, kuma daga gefensa. Mulkin Faransa bai yi abin da Ingila ta yi a kudancin iyaka ba: bai buɗe wa Hausa ƙofar aji ba. Yaro yana koyon karatu da Mamadou et Bineta, in kuma harshen uwarsa ya kuɓuce masa a farfajiyar makaranta a rataya masa alamar horo. Haka aka tafi har bayan samun ƴancin kai a 1960. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a nan Zinder.

Saboda haka littafin Hausa a wannan ƙasa baƙo ne da ya shigo ta kasuwa. Tsakanin Zinder da Kano bai fi tafiyar kilomita 240 ba, kuma hanyar da ta ɗauki gyaɗa da fata da goro ita ta ɗauko littattafan Zariya, musamman bayan da kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta sake buga su da araha. Wanda ya iya haɗa baƙaƙen Faransanci ba ya shan wahala kafin ya gane na Hausa. Ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ kawai zai saba da ita. Yaron ƙauye irin Gaffati, wanda birnin sarki yake kusa da shi, wanda kakansa ya ji ƙarar bindigar Nasara ko ya ji daga wanda ya ji, in ya buɗe Gandoki abin da yake gani ya wuce labarin wata ƙasa. Yana ganin, karo na farko a kan takarda kuma da harshensa, mutumin da aka ci da yaƙi yana ba da labarin yaƙin da bakinsa, daga kan sirdi, ba tare da sunkuyar da kai ba. Sunan gari ya bambanta, tutar maharan ta bambanta, amma ciwon ɗaya ne. Yaro ba ya tambayar ko tsarin labari ya daidaita. Yana tambaya ne ko nasa ne.

Labarin Damagaram kansa ya shiga littafi, amma a makare, kuma da Faransanci. André Salifou, ɗan Zinder, ya fitar da nazarinsa kan daular a ƙarni na 19 a 1971, ya bi shi da wasan kwaikwayon Tanimoune a 1973. Abdoulaye Mamani ya buga Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1987. Ta fuskar gini da tsari, Sarraounia ya fi Gandoki nesa ba kusa ba. Sai dai shi ma, kamar yadda masana tarihi suka nuna, ya faɗaɗa abin da ya faru a Lugu a 1899 fiye da yadda takardu da bakin mutanen wurin suka riƙe. Wannan ba abin kunya ba ne ga irin wannan rubutu. Alexandre Dumas ya yi wa tarihin Faransa abin da ya fi haka a Les Trois Mousquetaires tun 1844, ya kuma cika shafuka da zance don ana biyansa ne bisa yawan layi, amma ba a fasa ba yaran Faransa shi ba, kuma da yawansu ta ƙofarsa suka shiga neman sanin Richelieu na gaskiya. Bambancin kawai shi ne, ɗan Faransa yana da ɗaruruwan irinsa ya zaɓa, ɗan Damagaram kuwa na hannunsa ƙwaya ɗaya ne, ya tsufa, bangonsa ya yage, an karɓo shi aro daga wani.

Maganar ta tashi daga ta tuna baya tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Malamai da ƙungiyoyin al'adu za su zauna su zaɓi abin da yara za su karanta, kuma hatsari biyu ne ke jiran Gandoki a wannan zama. Na farko, a ture shi gefe don bai cika sharuɗɗan ƙagaggen labari da aka koya daga Balzac da Flaubert ba, alhali ba da wannan ma'auni aka ɗinka shi ba. Danginsa su ne kirari da tatsuniya da Dare Dubu da Ɗaya. Na biyu ya fi muni: a ɗauke shi a matsayin tarihi, ko a yanke ƙarshensa don ya dace da zafin kishin ƙasa na yau, a bar yara da jarumin da bai taɓa sassautawa ba. Wanda ya yi haka ya goge shaida mafi daraja da ke cikin littafin, wato yadda malamin 1933 ya rayu tsakanin abin da ya gani yana yaro da wanda yake ba shi albashi.

A aji, kashin farko yana son a karanta shi da murya, a ajiye taswira a gefe, a sa ɗalibai su nemo Kwantagora da Bida da Burmi, sannan su nemo Tirmini. A tsaya a inda aljanu suka shigo, a tambaye su me ya sa a nan. A ƙarshen kuma a bar su su yi gardama: tsohon ya tuba ne, ko ya gaji, ko kuwa yana magana ne da sanin akwai mai saurare a bayan ƙofa? Daga nan aikin gida ya fito da kansa, domin a Gaffati da ƙauyukan da ke kewaye da Zinder akwai gidajen da har yanzu ake riƙe da labarin inda kakan kaka yake ranar da Nasara suka shigo birni, kuma ɗalibin da ya ji yadda Bello Kagara ya rubuta nasa zai san ta inda zai fara tambaya.