Kafalar ƴan aikin gida: yadda take a Gadarif da abin da doka ta ɗora wa kafili

Kafala tsari ne da baƙo ba ya samun izinin zama da aiki a wata ƙasa sai wani ɗan ƙasar, ko mazauni mai cikakkun takardu, ya tsaya masa. Wanda ya tsaya shi ne kafili. Da sunansa ake fitar da biza, shi ke nema wa baƙon igama, wato katin izinin zama, shi kuma hukuma za ta nema idan wata matsala ta taso. Tsarin ya fi ƙarfi a Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Tekun Fasha, da Jodan da Lubnan, kuma ya bunƙasa ne bayan arzikin man fetur ya sa aka fara ɗebo ma'aikata daga waje. A aikin gida abin ya fi tsanani, domin ƴar aiki a gidan kafilinta take kwana, sannan dokokin ƙwadago na yawancin ƙasashen nan sun ware ta daban da sauran ma'aikata.

A Gadarif, babban birnin jihar da ke gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, maganar tana da fuska biyu. Akwai masu shigowa neman aikatau, galibi daga Habasha. Akwai kuma ƴaƴan gari, ciki har da Hausawa, masu neman kafili a ƙetaren Bahar Maliya.

Masu shigowa ta Galabat

Gadarif garin ridi da dawa ne. Tun shekarun 1940 aka fara noma da injuna a yankin, kuma duk kaka manyan gonaki na buƙatar hannaye, shi ya sa ƴan ƙwadago daga Habasha suka saba tsallakowa ta kan iyakar Galabat da Metema, mai nisan kilomita 150 da ɗoriya daga birnin. Ta wannan ƙofa mata suka riƙa shigowa su ma. Wasu su tsaya a gidajen Gadarif, mafi yawa su wuce Khartum, wasu kuma burinsu Libiya ne ko ƙasashen Larabawa. Hanyar ta ƙara cika bayan Oktoban 2013, lokacin da gwamnatin Habasha ta haramta tura ƴan aiki zuwa Gabas ta Tsakiya saboda rahotannin cin zarafi. Haramcin, wanda aka ɗage a 2018, bai hana tafiya ba, sai dai ya mayar da ita hannun dillalai.

A dokar Sudan, baƙon da zai yi aiki yana buƙatar bizar shiga, ya yi rajista a ofishin ƴan sanda mai kula da baƙi cikin kwana uku da isowarsa, ya sami izinin zama daga hukumar fasfo da shige da fice, sannan izinin aiki daga ofishin ƙwadago. Mai gidan da zai ɗauke shi shi ne ke tsaya masa a waɗannan matakai. Wannan ita ce kafala a takarda. A aikace, yawancin ƴan aikin gida da suka shigo ta Galabat ba su da kafili ko kaɗan. Dillali ne, wanda ake kira simsar, ke kawo yarinya gida, ya karɓi ladarsa daga uwar gida, sau da yawa ya kuma yanki kuɗin hanya daga albashin watannin farko. Babu yarjejeniya a rubuce, babu wanda ya san inda take in ban da shi.

Idan rigima ta taso, dokar da ke akwai ba ta da wani ƙarfi. Dokar ƙwadago ta Sudan ta 1997 ta fitar da ƴan aikin gida daga cikin waɗanda take karewa, ta bar su ƙarƙashin dokar barorin gida ta 1955, wadda aka yi tun kafin ƙasar ta sami ƴancin kai ranar 1 ga Janairun 1956. Sudan ba ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba, wadda aka amince da ita a 2011 don ƴan aikin gida. Abin da ke da haƙora shi ne dokar yaƙi da fataucin mutane ta 2014. Mai gidan da ya riƙe takardun yarinya, ya hana ta fita, ya ƙi biyanta, ko yake aiki da ita don biyan bashin dillali, yana iya faɗawa ƙarƙashin wannan doka ko da shi a ransa taimako yake yi.

Ƴan gudun hijira hukuncinsu daban. Bayan ɓarkewar yaƙin Tigray a Nuwamban 2020, dubban mutane sun tsallako jihar, aka zaunar da su a sansanonin Um Rakuba da Tunaydba. Takardunsu suna hannun hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Sudan, kuma ƙasar na bin tsarin zama a sansani, don haka fita zuwa gari aiki sai da izini. Katin gudun hijira ba izinin aiki ba ne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sauya komai. Gidajen Khartum da ke ɗaukar ƴan aiki sun watse, Gadarif ta cika da ƴan ƙasa da suka rasa matsuguni, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023, jami'an tsaro kuma suka tsananta binciken baƙi. An ma rufe iyakar Galabat na wani lokaci a Satumban 2024 saboda faɗa a ɓangaren Metema. Ajiye baƙuwa marar takarda a gida, wanda a da ake kawar da kai a kansa, yanzu yana iya jawo wa mai gida tambayoyin tsaro.

Ƴar uwa daga yamma, da batun wane ne baƙo

Hausawan Gadarif jikokin mahajjata ne da manoma da suka biyo hanyar gabas, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Zumunci da Kano, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram bai yanke ba, kuma riƙon ƴar ɗan uwa ta taya aikin gida tsohuwar al'ada ce. Sai dai doka ba ta san riƙo ba. Yarinyar da ta zo daga Nijar ko Najeriya baƙuwa ce kamar ta Habasha, kuma ƴancin zirga-zirga na CEDEAO ko na AES bai kai Sudan ba.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ciwo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 ta amince da wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun 1 ga Janairun 1956, amma tabbatar da hakan kan yi wa iyalan da ba su taɓa yin rajista ba wuya. Wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa, raƙam waɗani, da aka fara bayarwa bayan dokar rajistar jama'a ta 2011, ba zai sami fasfo ba. Wanda ba shi da fasfo kuwa babu kafilin halal da zai iya fitar masa da biza, sai ya koma hannun masu kwale-kwale.

Saudiyya, inda kafala take da cikakken tsari

Yawancin masu karatu a Saudiyya za su gamu da bizar aikin gida. A can rukunin bai tsaya kan shagala ba, kamar yadda ake kiran ƴar aiki. Direban gida, mai dafa abinci, mai gadin gida da mai kula da lambu duk a ciki suke, kuma da bizar direban gida samarin Sudan da yawa ke tafiya.

Kafili yana neman bizar ne ta dandalin Musaned, wanda ma'aikatar ƙwadago ta buɗe a 2014. Sai ya nuna ƙarfin aljihunsa da takardun albashi ko na banki, ya biya kuɗin biza riyal 2,000, ya zaɓi ofishin ɗaukar ma'aikata mai lasisi, a ƙulla yarjejeniyar a cikin dandalin. Baƙo mai igama ma yana iya zama kafili idan ya cika sharuɗɗan samu. Ɗan ƙasa da ya haura ƴan aiki huɗu, ko baƙo da ya haura biyu, yana biyan harajin riyal 9,600 a shekara kan kowane ƙari. Ita kuma ma'aikaciyar za ta yi gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi kafin a buga mata biza. Bayan fara yaƙi a 2023, yawancin hidimar takardun Sudan da ta ofisoshin jakadanci ta koma Bur Sudan.

Kuɗin ɗauko ma'aikaciya, da na igama, da tikitin komawa gida idan yarjejeniya ta ƙare, duk a wuyan kafili suke. Wannan ne abin da ya kamata iyaye su fi riƙewa, domin a nan ake cutar su. Duk dillalin da ya ce a sayar da gona ko awaki a biya shi kuɗin bizar shagala, yana karɓar kuɗin abin da wani ya riga ya biya.

Gyaran da Saudiyya ta fara aiki da shi ranar 14 ga Maris 2021, wanda ya ba ma'aikata damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da amincewar kafili ba, bai haɗa da ƴan aikin gida ba. Su nasu kundin daban ne, an sabunta shi a Oktoban 2023, ya fara aiki shekara guda bayan haka. Ya haramta ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba. Ya ƙayyade aiki kada ya wuce awa 10 a rana, da hutun yini guda a mako, da hutun wata ɗaya da albashi bayan shekara biyu, da hutun jinya har kwana 30 a shekara, da ladan wata ɗaya bayan shekara huɗu a jere. Lokacin gwaji ba ya wuce kwana 90. An kuma haramta wa kafili riƙe fasfon ma'aikaciya. Daga 1 ga Yulin 2024 aka fara tilasta biyan albashin sababbin shigowa ta banki ko asusun waya, domin a sami shaida. A takarda wannan ci gaba ne na gaske. Matsalar ita ce mai binciken ƙwadago ba ya shiga cikin gida, kuma wadda aka karɓe wa waya ba ta da hanyar kai ƙara.

Makamin da ya rage a hannun kafili shi ne hurub, wato ya sanar da hukuma cewa ma'aikaciyarsa ta gudu. Idan an shigar da wannan, zamanta na iya zama haramtacce, ana iya kama ta a kai ta cibiyar tarhil, kamar ta Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a mayar da ita gida. Duk da haka doka ta yarda a sauya mata kafili ba tare da yardarsa ba a wasu halaye: idan ya ƙi biyanta wata uku, idan bai nema mata igama ba, idan ya tura ta aiki gidan wasu, idan ya ci zarafinta, ko idan an tabbatar da cewa hurub ɗin ƙarya ne. Ana fara kai ƙorafi ma'aikatar ƙwadago, mai lambar waya 19911, don sulhu, in ya gagara a tafi kotun ƙwadago.

Abubuwa biyu da dillalai ke tallatawa ba su da gurbi a doka. Na farko shi ne fiza hurra, inda mutum zai sayi biza daga wani kafili na suna kawai, ya riƙa biyansa duk wata yana aiki inda ya ga dama. Aiki wurin wanda ba kafilinka ba laifi ne, kuma ranar da kuka saɓa zai iya buga maka hurub. Na biyu shi ne shiga da bizar Umra a zauna aikatau, tsohuwar hanyar da ta haifar da rayuwar takari a unguwannin Jidda da Makka. Bizar Umra ba ta halatta aiki, kuma mai gidan da ya ɗauki irin wannan ma'aikaciya shi ma yana fuskantar tara da ɗauri.

Sauya aiki bayan isa ma ba sabon abu ba ne. A farkon 2020 iyalai sun yi zanga-zanga a Khartum bayan an ɗauki samarin Sudan da sunan aikin gadi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka tsinci kansu a Libiya, lamarin da ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanansa. Shi ya sa kafin a bar gida ake so iyali su riƙe kwafin fasfo, da na biza, da yarjejeniyar da ke nuna sunan kafili, garinsa, irin aikin da adadin albashi, da sunan ofishin da ya yi ɗaukar. Ƴan Sudan suna da hukumar kula da harkokin mazauna waje, wadda aka fi sani da Jihazul Mugtaribin. Ƴan Najeriya da ke zargin fatauci suna iya kai rahoto ga NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, a Nijar kuma akwai hukumar ANLTP.

Ba duk ƙasashen yankin ne suke tafiya ɗaya ba. Kuwait ta yi dokar ƴan aikin gida tun 2015. Katar ta soke sharaɗin neman yardar kafili kafin sauya aiki a 2020, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata daga Maris 2021, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan mai gida bai samar da su ba, kuma wannan ya shafi ƴan aikin gida ko daga wace ƙasa suka fito.