Yadda Gurnanin Jita Ya Iso Agadas

Waɗanda suka fara ƙera amfilifayar jita ba gurnani suka nema ba. Burinsu a ji jita garau a tsakiyar ƙahoni da ganguna. Da wannan niyya Leo Fender ya riƙa haɗa akwatunansa a Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kwalaben bawul irin na tsofaffin rediyo. Sai dai kwalbar tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. In ba a kai iyakar ba, sauti zai fito tas. Da an murɗa ƙara ta wuce ƙima, sai kwalbar ta danne ƙololuwar sautin, wasu ƙananan amo su hau kan na asali, muryar ta yi kauri da kaushi, ta kuma daɗe ba ta mutu ba. Injiniyoyi suka ce aibi ne, makaɗa suka ce su shi suke so.

A 1951, a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips da ke Memfis a Amurka, an ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilifayar makaɗin jita Willie Kizart wadda ta lalace a hanya. Takarda aka cusa mata, aka bar dusasshiyar muryar a faifai. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga lasifikarsa da gangan. Kafin nan, a 1962, Jim Marshall ya ɗauki tsarin Fender Bassman ya ƙera tasa a Landan, wadda ba ta da wuyar yin gurnani. Daga nan hanya ta rabu. Masu son murya garau suka kama Fender Twin Reverb, daga baya kuma Roland JC-120 ta 1975, wadda babu kwalba a cikinta sam. Masu son kaushi suka samu maɓalli biyu a shekarun 1970: ɗaya na cika matakin farko har ya yi gurnani, ɗaya na rage ƙarar da ke fita, don kada a kurmantar da jama'a.

Ni dai ban yarda cewa wannan sauti baƙo ne a kunnenmu ba. Maharban da ke kaɗa garaya sun daɗe suna liƙa mata ceba, ɗan faifan ƙarfe mai zobba, don kowace tsirkiya ta fito da zuza a bayanta. Goge da algaita ma ba a san su da sulɓin murya ba. Kunnen da ya tashi da waɗannan ba ya jin kaushi a matsayin lalacewa.

Shi ya sa jitar lantarki ta zauna daram a hannun Abzinawa. Ibrahim Ag Alhabib da abokansa na ƙungiyar Tinariwen sun fara a gudun hijira, tsakanin Aljeriya da Libiya. A Nijar kuwa Abdallah Oumbadougou ne ya buɗe ƙofar, waƙoƙinsa suna yawo a kaset lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 1995. Da aka samu lafiya, sai jita ta koma kiɗan biki a Agadas. A fili ake yi, da janareta, da ƙananan amfilifaya da ake murɗawa har ƙarshe don na bayan taro ya ji. Gurnanin da larura ta haifar ya zama muryar garin. Ana jin sa a faifan Group Inerane na 2007, da na Bombino na 2013, wanda ya ɗauka a Nashbil tare da Dan Auerbach.

Labarin Mdou Moctar ya fi taɓa ni. Jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya ɗauka a 2008, cikin salon situdiyon waƙoƙin Hausa, muryar duk an lanƙwasa ta da kwamfuta. Waƙoƙin suka bi wayoyin salula har suka faɗa hannun Christopher Kirkley na kamfanin faifai na Sahel Sounds. Wanda ya saurari "Afrique Victime" na 2021 zai ji mutum ɗaya yana sauka daga gurnani mai tsanani zuwa murya mai taushi, da yatsu yake kaɗawa, da hagu.

Wannan sarrafawar nake so matasan da ke kaɗa jita a majami'u da wuraren biki na Bwari su kula da ita. Sau da yawa sai a cika maɓallin gurnani, a ɗauka shi ne ƙarfi, jitar ta nutse a ƙarƙashin ganga da fiyano. A rage shi zuwa daidai inda murya ta fara karcewa, a ƙara na tsakiyar sauti, a bar sauran aikin ga maɓallin jikin jitar da nauyin yatsa. In aka taɓa a hankali ta fito garau, in aka danna ta yi gurnani.