Tarihin Aikin Sa Kai na Mishan a Ƙasashen Waje

Aikin sa kai na mishan shi ne Kirista ya bar ƙasarsa ba don albashi ba, ya tafi wata ƙasa ya yi wa'azin bishara ko ya kama aiki a asibiti, makaranta, wurin gini ko gidan marayu, da sunan ikilisiyarsa ko wata ƙungiyar mishan. Sunan yana nan yadda yake tun ƙarni na 19, amma abin da ake nufi da shi ya sauya ƙwarai. A da, ɗan sa kai mutum ne da ya ɗaura aniyar ƙare rayuwarsa a ƙasar da aka aike shi. A yau galibi ɗalibi ne ko ma'aikacin da ya ɗauki hutun mako ɗaya ko biyu, ya tara kuɗin jirgi daga dangi da abokan ibada, ya je ya dawo. Wannan gajartar zama ita ce babban al'amari a tarihin, domin ita ta juya akalar moriyar tafiyar daga masu masauki zuwa baƙo.

Kalmar sa kai ta kafu a wannan fage a Amurka cikin shekarar 1886, lokacin da mai wa'azi Dwight Moody ya tara ɗaliban jami'a 251 a Mount Hermon da ke jihar Massachusetts. Kafin a watse, ɗari daga cikinsu suka sa hannu a kan alkawarin zama 'yan mishan a ƙasashen waje. Bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyar ɗalibai 'yan sa kai a ƙarƙashin shugabancin John Mott, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1946. Zuwa 1920 fiye da mutum dubu takwas daga cikin masu alkawarin sun hau jirgin ruwa, mafi yawansu zuwa Sin, Indiya, Japan da Afirka. A Ingila ma an ga irin wannan zumuɗi a 1885, sa'ad da wasu samari bakwai, akasarinsu ɗaliban Kambirij, suka bar daula suka bi ƙungiyar Hudson Taylor zuwa Sin. Babu wanda ya yi tunanin dawowa bayan kwana goma a cikinsu, domin tafiyar kaɗai kan ci makonni ko watanni, kuma shekarun farko duk a koyon harshe suke ƙarewa.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun ga irin waɗannan mutane. A watan Disamba na 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Ikko da niyyar kutsawa arewa. Cikin shekara guda ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida, sai a 1902 ƙungiyar mishan ɗinsu, wadda ta zama SIM, ta iya kafa tasha a Patigi. Likita Walter Miller ya fara koyon Hausa a Tarabulus kafin ya shigo ƙasar a 1900, ya yi shekara hamsin da ɗoriya, ya rasu a Najeriya a 1952, kuma yana da babban hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito da Hausa a 1932. Bargery, mai ƙamus ɗin Hausa na 1934 da har gobe ake buɗawa, shi ma da rigar mishan ya fara zuwa kafin ya koma aikin ilimi na gwamnati. Ko mutum ya yarda da saƙonsu ko bai yarda ba, abin da suka bari, na ƙamus da asibiti da makaranta, aiki ne na wanda ya zauna har harshensa ya karye, ya san damina ya san rani, ya binne nasa a ƙasar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara rage wa'adin. Ikilisiyar Methodist ta Amurka ta aika matasa Japan da Koriya na shekara uku daga 1948. A 1957 wani ɗalibi, George Verwer, ya yi amfani da hutunsa ya tafi Meziko tare da abokansa biyu suna raba littattafan bishara, kuma daga wannan tafiya ce ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission a kan ra'ayin cewa matashi bai buƙatar shekarun makarantar tauhidi kafin a aike shi. Jirgin sama ya ƙarasa aikin: daga 1958 Boeing 707 ya mayar da tsallake tekun Atlantika tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan. Da Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, hidimar shekara biyu a ƙetare ta zama abin yayi, sai 'yan Baptist na kudancin ƙasar Amurka suka buɗe irin nasu shirin a 1965. Daga shekara biyu aka koma hutun makaranta, daga nan aka koma mako guda. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000 kimanin Amurkawa miliyan 1.6 ke fita irin wannan tafiya kowace shekara, galibi zuwa Meziko da ƙasashen da ke kusa da ita. Abin bai tsaya ga Turawa ba. Duniya ta ga haka a 2007, lokacin da 'yan Taliban suka kama 'yan Koriya ta Kudu 23 daga coci guda a Afganistan, suka kashe biyu.

Tun da wuri aka fara ƙorafi, kuma daga cikin gida ya fito. A 1968 Ivan Illich, limamin Katolika da ke zaune a Kuwernabaka ta Meziko, ya faɗa wa taron ɗalibai 'yan sa kai cewa su zo yawon buɗe ido ko karatu in suna so, amma su daina zuwa da sunan taimakon mutanen da ba sa ma jin harshensu. A 1971 John Gatu, babban sakataren ikilisiyar Presbyterian ta Gabashin Afirka, ya nemi a dakatar da aiko 'yan mishan da kuɗinsu na shekara biyar, domin ikilisiyoyin Afirka su tsaya da ƙafafunsu. Hujja ta lissafi ta zo daga Honduras. Bayan mahaukaciyar guguwar Mitch ta 1998, ƙungiyoyin sa kai daga Amurka da Kanada suka yi ta zuwa gina gidaje. Kurt Ver Beek, malamin jami'a Kirista da ya daɗe a ƙasar, ya bi sawun aikin, ya gano cewa ayari guda kan kashe kimanin dala 30,000, akasari a kuɗin jirgi da masauki, wajen gina gidan da ƙungiyar 'yan ƙasa ke ginawa da dala 2,000. Iyalan da baƙi suka gina wa gida ba su fi waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa samun wani ci gaba ba. Wato da kuɗin gida ɗaya da an rufa wa iyali goma sha biyar asiri, kuma da magina da leburorin garin sun sami aiki a lokacin da suka fi bukatarsa.

Inda abin ya fi muni shi ne gidajen marayu. Wani binciken gwamnatin Kambodiya da UNICEF ya nuna yawan gidajen marayu a ƙasar ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, alhali kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Masu ziyara, na coci da na yawon buɗe ido, suna kawo kuɗi, kuɗin kuma ya sa aka riƙa ɗauko 'ya'yan matalauta don cika ɗakuna. Yaron da ya shaƙu da baƙuwa ranar Litinin, ta yi masa ban kwana ranar Juma'a, wata ta zo mako mai zuwa, an cuce shi ko da kowace baƙuwa da zuciya ɗaya ta zo. A Haiti, bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa goma 'yan Baptist a kan iyaka da yara 33 ba tare da takardu ba, daga baya ta bayyana yawancin yaran suna da iyaye. A 2018 Ostiraliya ta zama ƙasa ta farko da ta amince a hukumance cewa safarar yara zuwa gidajen marayu wani nau'i ne na bautar zamani.

Masu kare wannan tafiya suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa zuwa da kai ya fi saƙo: matashin da ya ga talauci da idonsa zai dawo da wata zuciya, ya riƙa bayarwa da addu'a, wataƙila ma ya koma ya zauna. Gaskiya ne da yawa cikin 'yan mishan na dindindin a yau da gajeriyar tafiya suka fara. Sai dai Ver Beek ya gwada wannan ma. Matafiyan sun ce bayarwarsu ta ƙaru, amma da aka duba littattafan kuɗi na ƙungiyar da ta kai su, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Ko da canjin ya tabbata, amincewa ce da cewa matafiyin ne ɗalibi, garin da ya sauka kuma makarantarsa, don haka sunan da ya dace da tafiyar shi ne neman ilimi, kuma masu masauki su ne malaman da ya kamata a girmama a biya. Suna kuma cewa kuɗin jirgin ba zai taɓa zama sadaka ba in an hana tafiyar, domin kawu ya ba da ne saboda 'yar ɗan'uwansa za ta je. Wannan ma gaskiya ne, amma laifin tarbiyyar ikilisiya yake nunawa, wadda ta koya wa mutane bayarwa sai in nasu zai fito a hoto.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa dogon zama bai tsarkake 'yan mishan na da ba. Da yawansu sun shigo a inuwar mulkin mallaka, sun raina al'adun da suka tarar, sun riƙe shugabanci da baitulmali har tsufa, kuma a kansu Gatu ya yi magana. Ba za a musa wannan ba. Amma wanda ya zauna shekara talatin yana nan lokacin da kuskurensa ya nuna, ana iya tare shi a kasuwa a faɗa masa da harshen da yake ji. Baƙo raɓa ne, kafin bangon da ya gina ya tsage ya riga ya isa gida. Akwai kuma gajeriyar tafiyar da ba ta da abin zargi. Asibitin Galmi a Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar likitocin tiyata da sauran ƙwararru na 'yan makonni ko watanni, kuma zuwansu yana ceton rai, saboda sun zo da gwanintar da ake ƙarancinta, sun shiga tsarin da ke nan kafin zuwansu, akwai kuma ma'aikatan da za su ci gaba da duba majinyaci bayan tafiyarsu. Gajeren zama yana amfani idan ya jingina da dogon zaman wasu.

Batun ya shafi Kiristocin Najeriya kai tsaye, domin yanzu su ma masu aikewa ne. Ƙungiyar bishara ta ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1948, da CAPRO, wadda wasu matasa masu hidimar ƙasa suka fara a Zariya a 1975, suna da ma'aikata a ƙasashe da dama, kuma majami'u na birane sun fara shirya wa matasansu gajerun tafiye-tafiye zuwa maƙwabta. Kafin a yanki tikiti, ya kamata dattawan ikilisiya su tabbatar masu masauki ne suka nemi a zo, su ne kuma suka zaɓi aikin. Su lissafa kuɗin tafiyar su kwatanta da kuɗin aikin in 'yan gari za su yi, su hana wanda ba likita ba taɓa majinyaci, su kuma cire gidan marayu daga jerin wuraren ziyara.