Ƙirƙirarriyar Basira da Rabon Tallafi: Me Ya Sa Ake Bukatar Doka?

Ƙirƙirarriyar basira manhajar kwamfuta ce da ke koyo daga tarin bayanai, sannan ta yi hasashe ko ta ba da hukunci. Idan kana zaune a Guci, ko a wani ƙauye na gundumomin Magarya da Dungas, inda wannan fasaha za ta fi shafar ka shi ne wajen tantance gidajen da za su sami tallafi.

Yadda ake zaɓen mabukata

A shekarar 2011 gwamnatin Nijar, tare da taimakon Bankin Duniya, ta kafa shirin tallafa wa matalauta a jihohi biyar, har da Damagaram. Gidan da aka zaɓa ya riƙa karɓar jaka 10 kowane wata har tsawon shekara biyu. Ma'aikata sukan bi gida-gida su tambayi yawan iyali, dabbobi da irin ginin gida, sannan kwamfuta ta ba kowane gida maki.

Ƙasar Togo ta zarce haka a shekarar 2020. A shirinta na Novissi, manhaja ta duba hotunan tauraron ɗan'adam domin gano yankuna mafi talauci, ta kuma duba yadda mutum ke amfani da wayar salularsa domin kimanta ƙarfin aljihunsa. Kuɗi ya isa ga mutane da sauri. Amma wanda ba shi da layin waya, manhajar ba ta san da zamansa ba.

Haɗarin da ke ciki

A karkara, miji da mata da ƴaƴa sukan yi tarayya a waya ɗaya. Ɗan ci-rani da ke aiki a Kano kuma yakan riƙe layin Najeriya. Irin wannan na iya ruɗa lissafin manhaja, a tsallake gwauruwa a ɗauki mai hali. In mai gari ya yi son kai, ana iya kai ƙararsa. In na'ura ce ta tsallake ka, wa za ka tuhuma? Wannan giɓin ne doka za ta cike.

Dokokin da aka yi

Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri a 2017, wadda ta samar da hukumar HAPDP, aka kuma sabunta dokar a 2022. Najeriya ta yi tata a 2023. Ƙasashe 193 na UNESCO sun amince da ƙa'idojin ɗa'a kan wannan fasaha a 2021. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuwa ta sanya manhajojin tantance masu neman tallafi a sahun masu babban haɗari, ta wajabta cewa ɗan'adam ya sa ido a kansu. Masu sukar irin wannan doka suna cewa takan jinkirta agaji a lokacin yunwa. Duk da haka, hanzari ba ya amfanar wanda aka manta da shi.

Abin da ya kamata ka yi

Kafin ka ba da lambar wayarka ko ka dangwala yatsa, ka tambayi wanda ke karɓa me za a yi da su, kuma wa zai adana su. Ka nemi a karanta sunayen waɗanda aka zaɓa a taron gari. Idan an tsallake gidanka, ka kai kuka ga kwamitin ƙorafe-ƙorafe ko ofishin magajin gari, ka nemi mutum ya sake duba batunka.