Madatsar Ruwa ta Zobe

Madatsar Zobe tana kan kogin Karaɗuwa a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, jihar Katsina. Da ƙasa aka gina ta, aka kammala a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, domin noman rani da samar da ruwan sha.

Sai dai ribar madatsa tana ga ruwan da ya isa gona ko famfo. A nan Zobe ta daɗe a baya: ruwa ya taru, amma magudanan ban ruwa da bututun kai shi garuruwa ba su kammalu ba, shekara da shekaru, alhali manoman yankin suna matuƙar buƙata. Masunta ne suka fi morarta. Sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan shanta.